Tantanin da Ya Yage

Ranar da suka fara ganin juna, da faɗa aka fara.

A lokacin, ɗakin fiɗa na makarantar koyon aikin likita yana ƙasan tsohon gini, sai ka sauka matakala kafin ka kai. Tagoginsa na can sama dab da rufi, ba ka ganin komai ta cikinsu sai ƙafafun masu wucewa. Fanka ɗaya ce ke aiki, ita ma da ƙyar. Warin maganin da ake adana gawa da shi kuwa, in ya kama rigarka sai dai ku tafi gida tare. Yanzu an rushe ginin, ɗalibai a kwamfuta suke jujjuya jikin mutum da ɗan yatsa. Allah sarki, ba su san abin da ya wuce su ba.

Ita mai zane ce. Makarantar ta ɗauke ta don ta riƙa zana manyan hotunan da ake ratayewa a bangon aji. Kullum da fensir a bayan kunnenta, shi ya sa kowa ke ce mata 'Yar Fensir.

Ta yi kwana da kwanaki tana zana abu ɗaya: tantanin nan mai kitse-kitse da ke saukowa daga tumbi ya lulluɓe hanji kamar mayafi. Saura gefe guda ta gama. Da safen nan ta ɗaga ƙyallen da aka rufe gawar da shi, sai ta ga hanji a fili, tantani babu shi.

"Na shiga uku! Wa ya yi mini wannan aiki?"

Wani dogon saurayi da ke wanke hannu a famfo ya juyo. Sabon ƙaramin malami ne, ko wata bai yi da kama aiki ba.

"Ni ne. Hanji zan nuna wa ɗalibai, ya tare mini hanya, na cire shi."

"Ya tare maka hanya? Kai mota ce?"

Ya buɗe baki zai ba ta amsa, sai ya ga idanunta sun ciko da hawaye, ga allon zanenta a hannu da rabin aiki. Sai ya sunkuyar da kai. Ita kuwa ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Sannu, Malam Garaje." Sunan da ya bi shi ke nan har furfura.

Washegari ta tarar da shi ya riga ta zuwa. Ya samu izinin buɗe wata gawar, ya rufe mata fuska, ya yi mata addu'a kamar yadda ake yi wa duk wanda ya ba da jikinsa aka yi karatu da shi.

"Zan biya ki tantaninki," ya ce. "Amma sai kin yi haƙuri, ba a isa gare shi da tsalle ɗaya."

"Au, ashe ka sani."

Ya sani mana. Mutumin nan ya san aikinsa kamar yunwar cikinsa, gaggawa ce kawai ke cin sa. Ya fara da fata, ya naɗe ta gefe. Ya nuna mata kitsen da ke ƙarƙashinta, sannan wani farin tantani mai tauri da ya naɗe tsoka, wanda ya ce shi ne ke riƙe da bangon ciki. Daga nan ya ajiye wuƙa, ya riƙa raba sauran da yatsunsa a hankali, har ya kai ga siririn tantanin ƙarshe mai sheƙi, wanda ya shimfiɗe kogon ciki gaba ɗaya.

"Kin ga, jikin mutum ɗaki-ɗaki ne. Ƙwaƙwalwa da nata, zuciya da huhu suna sama a kogon ƙirji, hanji da hanta suna ƙasa. Akwai shamakin tsoka tsakaninsu, kowa ya tsaya a wurinsa."

"Ban da kai. Kai ba ka tsayawa a wurinka."

Ya yi dariya har wuƙar ta kusa faɗuwa daga teburin.

Aikin da bai kamata ya wuce mako ba, sai ya ɗauke su wata guda, kuma babu wanda ya yi ƙorafi a cikinsu. Da aka rataye hoton a aji, ɗalibai suka lura da wani abu. A duk hotunan 'Yar Fensir ba a taɓa ganin hannun mutum ba, amma a wannan ga hannaye biyu suna ɗage tantanin, har da ɗan tabon da ke babban yatsan Malam Garaje. Aka yi ta ƙus-ƙus, ita kuwa ta rantse don a gane girman abin ne kawai ta sa su.

Zamanin wayar maɓalli ne, wadda sai ka danna sau da yawa kafin harafi ya fito. Duk da haka ba sa gajiya da tura wa juna saƙo.

"'Yar Fensir, yau ɗalibi ya tambaye ni me ke cikin kogon ƙirji, saura kaɗan in ce ke."

"Da ka faɗa da an kore ka daga aiki, Garajena. Ka ci abinci?"

"Na ci. Warin ɗakin nan ya hana ni jin daɗinsa."

"Ni na saba. In na ji warin ma kai nake tunawa."

"Wannan yabo ne ko zagi?"

"Ka zaɓa."

Da yamma yakan raka ta har tashar bas. Sukan bar bas ta farko ta wuce, su ce ta cika, alhali kujeru ne fal babu kowa.

To, sai maganar gida.

Mahaifinta tsohon ma'aikacin gidan waya ne, mutum mai tsare gira da son a girmama shi. Tana ƙarama mahaifiyarta ta rasu bayan wani aikin tiyata da aka yi mata a ciki, kuma tun daga ranar Baba bai sake taka asibiti ba. Ko aikin 'yarsa, don zane ne kawai ya yarda, bai taɓa tambayar me take zanawa ba. Gwaggo, ƙanwarsa, ita ta raine ta, ita ce kuma ta yi ta lallaɓa shi har ya ce yaron ya zo ya gaishe shi.

Akwai kuma ɗan amininsa, wani injiniya mai mota da ladabi, wanda Baba ya daɗe da kwaɗayin haɗa su. Ba mugu ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Irin mutanen nan ne da duk abin da babba ya faɗa sai su ce haka ne.

Kafin ranar ta tura masa saƙo:

"Don Allah, Garajena, ka gaishe shi ka yi shiru. Kada ka ambaci gawa, kada ka ambaci wuƙa."

"Ko tari ba zan yi ba, ranki ya daɗe."

Ya je da sabuwar riga, ya durƙusa ya yi gaisuwa. Falon da mutane: Baba, abokansa biyu, da injiniyan a gefe yana zuba musu shayi. Komai na tafiya daidai, har ɗaya daga cikin dattawan ya ba da wani labari mai ban dariya. Baba ya tuntsire, sai ya yi saurin dafe saman cibiyarsa da tafin hannu. Kafin hannun ya sauka, Malam Garaje ya riga ya ga abin da ya tasa rigar, wani ƙullutu kamar ƙwai, ya fito ya koma.

Da wani ne, da ya kawar da kai. Amma mutumin da ya yi shekaru yana kallon bangon ciki, idonsa ba ya jin magana, bakinsa kuma ya fi idon rashin ji.

"Baba, tun yaushe kake da ƙabar nan? Ɗan yi tari in gani."

Cokalin injiniya ya tsaya cak a cikin kofi. Gwaggo da ke laɓe a bayan labule ta ɗora hannu a ka.

Ciwon da Baba ya ɓoye wa 'yarsa da ƙanwarsa, wanda ko sunansa dattijo ba ya so a kira a gabansa, shi yaron nan ya kwance a gaban abokansa.

Baba ya ajiye kofinsa a hankali.

"Neman aure ka zo, ko duba ni?"

"Baba, ai farin tantanin ne ya yage, hanji ke leƙowa, in aka bar shi..."

"Tashi ka fita. Kuma ka ji da kyau, ban haifi 'yar da zan ba wa mai yanka mutane ba."

Ranar 'Yar Fensir ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Saƙo ɗaya ta tura masa:

"Abu ɗaya na roƙe ka. Ɗaya."

Ya amsa:

"Na yi kuskure, na kunyata shi, wallahi na sani. Amma abin da na gani gaskiya ne. Ki sa a duba shi, ko da ba za ki sake kallona ba."

Ta kwashe kayan zanenta ta koma wani ɗaki a bene, inda ake ajiye ƙasusuwan roba. In sun haɗu a matakala sai ta gaishe shi kamar baƙo. Shi kuwa ya rame, rigar aikinsa ta yi masa yawa, ɗalibai suka ce Malam ya daina faɗa, abin ba daɗi.

Wata rana da yamma ya hango ta a gaban motar injiniya, ga leda a cinyarta. Ya tsaya a tashar bas ɗin nan tasu har motar ta ɓace, sannan ya rubuta:

"Na gan ku. Allah ya sa hakan ne alheri. Ba zan sake damun ki ba."

Amsar ta zo kafin ya mayar da wayar aljihu.

"Kai dai ba ka canzawa. Bel muka sayo wa Baba, mai faɗi, na ɗaure ciki. Shi ya kawo shawarar, Baba kuma ya ji daɗi. Ni tsoro nake ji, Garajena. Zai yi magani?"

Ya daɗe yana kallon wayar. Ya san amsar da za ta faranta mata rai, ya kuma san ba ita ce gaskiya ba.

"Ba zai yi ba, 'Yar Fensir. Bel yana danne shi ne kawai, ramin yana nan. In wata rana ya fito ya ƙi komawa, ko ya yi tauri yana ciwo, ko Baba ya fara amai, kada ku jira komai, ku tafi asibiti."

Ba a daɗe ba ranar da ya faɗa ta zo. Baba ya sunkuya zai ɗaga tukunyar fure a tsakar gida, sai ƙullutun ya fito ya tsaya. Ya kwanta yana gumi, Gwaggo na salati, 'yarsa na roƙonsa a tafi asibiti yana girgiza kai. Da ƙyar abin ya koma. Da ya buɗe ido, sai ya ga yarinyar tsugune a gabansa.

"Baba, Mama ta tafi. In kai ma ka tafi, wa zan kira?"

Ya juyar da fuskarsa gefe.

Bayan kwana biyu, da hantsi, Malam Garaje na goge allo a aji bayan ɗalibai sun fita, sai ya ji gyaran murya. Ya juyo, ya ga Baba a bakin ƙofa da rigarsa ta fita unguwa. Allin da ke hannunsa ya faɗi.

"Ba wurinka na zo ba," in ji Baba. "Wucewa nake yi."

Makarantar a ƙarshen titi take, babu inda ake wucewa ta nan. Amma a karon farko a rayuwarsa, Malam Garaje ya kama bakinsa. Ya jawo kujera kawai.

Baba bai zauna ba. Hotunan bango yake kallo, ɗaya bayan ɗaya, hannayensa a baya.

"Duk ita ta zana waɗannan?"

"Ita ce, Baba."

"Hm." Ya daɗe a gaban wani. "To nuna mini inda ka ce ya yage."

Ya nuna masa, a hankali, da muryar da ba ta wuce su biyu ba. Ga fata, ga kitse, ga farin tantanin da ke haɗe tsokar dama da ta hagu a tsakiyar ciki. Nan ne ya yi rauni ya buɗe. A bayansa ga siririn tantani, shi hanji ke turowa ta ramin kamar aljihu. Likita zai mayar da abin da ya fito, ya ɗinke bangon, ya ƙarfafa shi.

Da Baba ya sake magana, muryarsa ta canza.

"Uwarta ba ta so a yi mata aikin nan. Ni na lallashe ta, na ce ta yarda da ni. Aka shiga da ita tana kallona. Da likitan ya fito, ya yi mini wasu maganganu da ban gane ko ɗaya ba, ya dafa kafaɗata ya wuce. Har yau ban san me aka yi mata a ɗakin nan ba. Kai da ka san cikin mutum, gaya mini. Ni na kashe ta?"

Malam Garaje ya matso kusa da shi.

"Baba, ban san abin da ya faru ba, ba na wurin, ba kuma zan ƙaga maka ba. Abin da na sani, ba a buɗe kogon cikin mutum haka kawai, sai in an ga abin da ke ciki ya fi wuƙar haɗari. Ciwon ya riga ka zuwa. Kai ka kai ta inda kake fatan a cece ta ne."

Baba ya juya baya, ya ciro hankici, ya yi kamar gilashinsa yake gogewa.

"Nawa fa? Ka rantse ba abin da zai same ni?"

"Ba zan rantse ba, rai a hannun Allah yake, kuma kowane aiki da haɗarinsa. Amma barin sa ya fi yin sa haɗari. Wannan zan iya rantse maka."

"Kai za ka yi?"

"A'a, Baba, ni malami ne, ba likitan fiɗa ba. Amma zan nemi izini in tsaya a kanka daga farko har ƙarshe. In ka farka, zan gaya maka duk abin da aka yi, da harshen da za ka gane."

Baba ya dube shi, kallo mai tsawo.

"Bakinka ba shi da linzami, yaro. Amma ban ji ƙarya a cikinsa ba."

Aka yi aikin wata safiya. 'Yar Fensir da Gwaggo na zaune a benci a baranda, hannunsu a cikin na juna. Injiniya ma ya zo da flas ɗin shayi, Allah ya saka masa. Da ƙofa ta buɗe Malam Garaje ya fito da hular ɗakin tiyata a kansa yana murmushi, injiniyan ya dubi yadda yarinyar ta miƙe, da irin kallon da ta yi masa. Ya ajiye flas ɗin, ya yi musu barka, ya tafi. Bai sake dawowa da maganar aurenta ba.

Da Baba ya farfaɗo, saurayin ya jawo kujera kusa da gadonsa ya cika alkawari. Ya fara daga fata, ya gangara kitse, ya faɗi girman ramin, ya ce hanjin lafiyarsa lau, ko canza launi bai yi ba. Ya shiga bayanin irin zaren da aka yi ɗinki da shi, da dalilin da ya sa aka zaɓe shi.

"Kai, ya isa haka," in ji Baba da ƙyar. "Wannan surutu zai farke mini ɗinki." Ya juya wajen ƙanwarsa. "Ke, ce wa yaron nan ya turo manyansa, ko na huta."

Gwaggo ta manta a asibiti take, ta saki ihun murna, sai da nas ta leƙo ta yi mata faɗa.

Da yamma saƙonta ya shigo:

"Garajena."

"Na'am, 'Yar Fensir."

"Ba komai. So nake kawai in ga ka amsa."

Aka ɗaura aure bayan Baba ya warware. Ba a yi wani gagarumin taro ba, 'yan uwa ne da maƙwabta da ɗaliban da suka cika layin da hayaniya. Mutanen unguwar da suka rage har yanzu suna tuna yadda amarya ta yi kyau, da yadda ango ya kasa zama wuri ɗaya.

Da lokacin tafiya ya yi, mata suka taso za su raka ta mota. Baba ya ce su dakata. Ya miƙe da kansa, ya kama hannun 'yarsa, ya taka da ita har bakin ƙofa inda angon ke tsaye. Tana kuka, shi ma idanunsa sun yi ja, bai kuma ɓoye ba.

Ya ɗauki hannunta ya sa a cikin na saurayin, ya haɗa ya riƙe da nasa biyun.

"Sau ɗaya na taɓa miƙa wadda nake so a hannun wani, ban san hannun ba, kuma ba ta dawo mini ba. Yau na sake miƙawa. Amma wannan hannun na san shi."

Malam Garaje ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan sabon takalminsa.

"Ku je," in ji Baba. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari, ya sa ku tsufa tare."

Duk layin ya amsa da amin.